Meshak da Motar Shara

Meshak ɗan Godogodo ne. Ubansa manomin dawa ne da doya, amma shi tun yana saurayi ya ƙi fartanya, ya bi wata motar katako mai jigilar citta ya zama karen mota. A nan ya koyi tuƙi. Da yaƙin basasa ya ɓarke, sojoji suka tare motar ubangidansa a hanya, suka tafi da ita da shi a ciki, ya yi ta kai musu buhunan gari da wake har aka gama yaƙin. Abin da ya gani a can bai taɓa ba kowa labarinsa ba, ko matarsa. Ya dai dawo da tsoron mai kaki. Ko ɗan sanda mai ba da hannu ya ɗaga masa hannu, sai ka ga tafinsa ya jiƙe da gumi a kan sitiyari.

Bayan yaƙi ya auri Lai'atu, wata 'yar garinsu mai sayar da gwaten acca, suka kama ɗaki a Kafanchan kusa da tashar jirgin ƙasa. Suka haifi 'ya mace, aka sa mata suna Hellen. A shekarar 1973 wani dattijon cocinsu ya yi masa hanya, aka ɗauke shi direban motar shara a ofishin tsabta na gari.

Aikin ba na alfahari ba ne. Tifa ce tsohuwa, koriya, ƙofarta ta dama da waya ake ɗaure ta. Kullum da safe sai ya bi kasuwa da mayanka da bayan tasha, leburori su loda masa ruɓaɓɓen tumatir da ganye da kayan cikin dabbobi da duk abin da gari ya tofar, ya kai wani tsohon rami a bayan gari inda aka taɓa haƙar jar ƙasa, ya juye. In ya wuce, mutane su toshe hanci. Wasu suna ce masa direban ƙuda. Bai damu ba. Aikin gwamnati ne, wata ya ƙare a biya, ga kuma begen fansho. Mutum ne mai shiru, ba ya shan burkutu, ba ya musu da na gaba da shi. Ranar Lahadi yana zama a bencin baya, ya rera waƙa a hankali.

A daminar 1975 aka yi wani ruwa mai ƙarfi, kwalbatin da ke kan hanyar ramin nan ya rufta. Meshak ya iso da mota cike, ya tarar da hanya ta rabu biyu, jan ruwa yana gudu a tsakani. Ya juyo da kayansa ya koma ofis wurin Gregory, shugaban leburorin tsabta, wanda kowa ke kira Oga.

"Oga, kwalbatin hanyar bola ya karye. Ko keke ba zai wuce ba."

Gregory bai ɗago daga shayinsa ba. "Na ji. Gyaran hanya ba aikinmu ba ne, na ofishin ayyuka ne. Namu shi ne kasuwa ta kwana da tsabta. Ka san kwarin nan na bayan Gangare?"

Meshak ya san shi. Gangare unguwa ce ta leburorin jirgi da masu ƙananan sana'o'i a gefen gari, famfo bai kai can ba. A ƙasan kwarin akwai rafi, daga nan matan unguwar ke ɗiban ruwan sha.

"Oga, rafi ne a ƙasansa."

"Na kwana biyu ne, kafin a gyara. Ko kana so in bar mayanka ta yi tsutsa a tsakiyar gari?"

Meshak ya sunkuyar da kai. Gregory ya hau babur ɗinsa ya shiga gaba, tifa ta bi shi har bakin kwarin. Ya nuna wurin da hannu, ya juya ya tafi tun kafin a fara juyewa. Meshak ya ja ƙarfen ɗaga bodi, kayan suka zube da wani irin sauti mai nauyi, suka gangara cikin ciyawa.

Wata tsohuwa tana tsaye a gefen hanya da daurin itace a ka. Sunanta Afiniki, gidanta ne na ƙarshe kafin rafin. Ta matso kusa da tagar mota.

"Ɗana, wa ya ce ku zuba mana wannan a nan?"

"Mama, aiko ni aka yi. Sun ce na kwana biyu ne."

Ta dube shi, ta dubi ƙurar babur ɗin da ke ɓacewa, ta wuce da itacenta.

Kwana biyu ya zama makonni. Babu wanda ya zo ko duba kwalbatin. Tsibin shara ya taso har ya kai bakin hanya, ƙudaje suka yi masa baƙar riga, karnuka da angulaye suka mai da wurin gida. Duk lokacin da aka yi ruwa, wani baƙin ruwa yana tsatsowa daga gindin tsibin ya bi kwari ya sauka. Meshak yana ganinsa da idonsa kullum. Yana kuma ganin mata a can ƙasa da tuluna da kwanoni, suna kore kumfar da ke saman ruwa da hannu kafin su ɗiba. Ya sake yi wa Gregory magana sau ɗaya, Gregory ya ce masa, "In ka gaji da aikin, akwai masu lasin da yawa suna jira a waje."

Abin da ya fi ba mutanen Gangare haushi, a cikin waɗannan makonnin 'yan duba-gari ba su fasa zuwa unguwar ba. Suna shiga gida gida da farar hula, suna leƙa randa da ludayi, suna cin tarar matar da ta bar tukunya a buɗe ko ta zuba toka a ƙofar gida. In aka nuna musu tsibin, sai su ce wannan ba sashensu ba ne.

Amai da gudawa ta fara da ɗan wani leburan jirgi. Da safe yana wasa, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, washegari aka binne shi. Sai wata mai jego. Sai gida biyu a jere. Ana ɗaukar mutane a amalanke da bayan keke zuwa asibiti, wasu ba sa kaiwa. Ranar Lahadi fasto ya karanta sanarwar rasuwa, ya ce a yi addu'a domin 'yan'uwa na Gangare. A cikin sunayen akwai Simon, tela, ɗan Mama Afiniki, wanda ya bar mata da yara ƙanana. Meshak yana bencin baya. Ya ji kamar duk cocin ya juyo yana kallonsa, ko da yake babu wanda ya waiwayo. Ya kasa buɗe baki a waƙar rufewa.

A gida Lai'atu ta daina kai gwate tasha, domin mutane sun fara cewa matar direban shara ce. Ta ce masa, "Baban Hellen, ka mayar musu da makullinsu. Mu koma Godogodo. Gonar Baba tana nan."

"In na ajiye, wani zai ɗauka, a ci gaba da zubawa. Mu kuma mu tashi a tutar babu."

"To, gara wani ya ɗauka. Ba na so jinin mutane ya hau kanmu."

Ya san gaskiya ta faɗa, amma ƙafarsa ta saba da bin umarni, ya rasa ta inda ake fara ƙi. Wata rana da yamma ya dawo ya tarar Hellen tana riƙe da ciki tana zagayawa bayan gida. Ya sunkuce ta bai ko sa takalmi ba, ya yi asibiti da gudu, Lai'atu tana binsa da zane a hannu. Malamar jinya ta duba ta ce ɗanyar gwaiba ce ta ci, ba abin nan ba ne. Meshak ya zauna a kan dakalin asibiti. Ta ƙofar ɗakin da ke gefe yana hango mutanen Gangare kwance a ƙasa a kan tabarmi, an rataya musu ruwa a jikin ƙusa. Ya ce a ransa gobe ba zai je kwarin ba. Da gari ya waye, ya je.

A wannan lokacin ne kuma aka yi juyin mulki. Sabuwar gwamnatin soja ta shiga korar ma'aikata, rediyo yana faɗin sunaye, a ce an sallami wane nan take. Manya da ƙanana kowa ya shiga taitayinsa. A ofishin tsabta aka daina hira, Gregory ya fara zuwa aiki kafin masinja. Amma game da kwarin bai ce a daina ba, bai kuma sake cewa a ci gaba ba. In ya hango Meshak, sai ya shige ciki.

Ranar da abin ya faru, hantsi ya ɗaga, mota cike da kayan mayanka. Meshak ya karyo kwanar Gangare ya tarar an gitta gungumen itace a hanya. Kafin ya sa giyar baya, mutane suka fito daga cikin masara ta kowane gefe, maza da gatura da sanduna, mata da taɓare. Leburorin da ke bayan mota suka dira suka arce. Wani ya fizge wayar ƙofa, hannaye suka jawo shi ƙasa. Ya faɗi a cikin laka. Wani ya ɗora masa ƙafa a kafaɗa. Ya ji warin kananzir, ya ga kwalba a hannun wani matashi da idanunsa suka yi ja.

"Shi ne. Kullum shi ne ke kawowa."

"Ya kashe mini 'ya."

Abin da ya zo wa Meshak a rai kawai shi ne Hellen, da ko wa zai je ya gaya wa Lai'atu. Ya rufe ido ya fara Addu'ar Ubangiji a zuci, ya kasa wuce layin farko.

Sai ya ji muryar tsohuwa a kansa. Mama Afiniki ce, da baƙin ɗankwalin makoki.

"Ku ɗaga ƙafa daga jikinsa. Ni ma na binne nawa, ba wanda zai koya mini zafi a nan. In kun ƙone wannan, gobe sojoji za su zo su kwashe 'ya'yanmu da suka rage, a kawo wani direba. Jaki ne kawai, mai kaya yana ofis. Ku tashe shi ya kai mu wurin mai kayan."

Aka yi ta gardama, amma maganarta ta ci. Aka tura shi cikin mota, maza biyu suka shiga suka zauna a gefensa. Ya juya tifa, ya kama hanyar gari a giya ta ɗaya, jama'a suna tafe a gaba da baya da gefe. Ba waƙa, ba ihu, sai ƙarar inji da takun ƙafa. Suka ratsa ta bakin kasuwa, masu shaguna suna jawo ƙofofi. Ƙudaje suna bin motar kamar hayaƙi.

A ƙofar ofishin tsabta suka ce ya tsaya. Aka kira Gregory, aka ce ba ya nan, ko da yake ga babur ɗinsa a jingine a gindin mangwaro. An kulle ƙofa ta ciki. Na kusa da Meshak ya ce, "Juye."

"Don Allah, ku yi mini rai. Ofishin gwamnati ne."

"Namu gidan fa, na wane ne? Juye."

Ya dubi ƙofar ofis, ya dubi gatarin da ke kan cinyar mutumin. Duk inda ya juya mutuwa ce ko kurkuku. Ya miƙa hannu ya ja ƙarfen. Bodi ya ɗaga a hankali, kayan mayanka suka zube a kan matakala, suka toshe ƙofar har rabi. Jama'a suka tsaya suna kallo na ɗan lokaci, sannan suka watse kafin 'yan sanda su iso. Da suka iso, Meshak kaɗai suka samu, zaune a mota, hannayensa a kan sitiyari.

Ya yi kwanaki a tsare. Lai'atu tana kawo masa tuwo, ba ya iya ci. Wani kofur ya ce masa, wanda ya wulaƙanta ofishin gwamnati a zamanin soja sai dai addu'a. Duk ƙarar mota a waje sai ya miƙe, yana zaton an zo tafiya da shi bariki.

Labarin shara a ƙofar ofis ya kai Kaduna, abin da labarin mamatan Gangare bai yi ba. Aka turo kwamitin bincike: wani kaftin na soja, da likita, da wani babban ma'aikaci. Suka zauna a wani ɗakin makaranta, jama'a suka cika tagogi. Aka shigo da Meshak. Da ya ga kaki da sanda a kan tebur, sai ya ji fitsari ya kama shi.

Gregory ya fara magana, da farar riga da Turanci mai kyau. Ya ce shi bai taɓa ba da umarnin zuba shara a Gangare ba. Ya ce ya gaya wa direba ya zagaya ta wata doguwar hanya zuwa ramin, amma da alama direban ya gajarce tafiya domin ya sayar da man da ya rage. Aka fassara wa Meshak. Ya ɗaga kai ya dubi Gregory, Gregory yana duban silin. Aka kira leburori, suka ce su ba su san komai ba, inda mota ta tsaya nan suke saukewa.

Kaftin ya juyo. "Kai direba, wa ya sa ka?"

"Oga ne, ranka ya daɗe." Da ƙyar aka ji shi.

"A rubuce?"

"Da baki ne, ranka ya daɗe."

"Ka san akwai rafi a ƙasa?"

"Na sani."

"Ka san mutane suna sha?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To, me ya sa ka ci gaba?"

Meshak ya nemi amsar da za ta cece shi, bai samu ba. Ya ce, "Tsoro nake ji."

Likitan ya rubuta wani abu. Daga taga sai aka ji Mama Afiniki tana cewa a bar ta ta shigo. Ɗan sanda ya tare ta, kaftin ya ce a ƙyale ta. Ta tsaya a gaban tebur, ta ce ita ba ta jin Turanci, amma idonta lafiya lau. Ta ce ranar farko tana tsaye da itace a ka, ta ga wannan mai farar riga a kan babur, shi ya shigo gaba, shi ya nuna wurin da hannunsa na dama. Ta ce 'yan duba-gari sun ci tarar surukarta saboda randa, ana saura 'yan kwanaki ɗanta ya mutu. Ta tambaya ko akwai wanda zai ci tarar gwamnati. Mai fassara ya yi jinkiri, kaftin ya ce ya ji, ba sai an fassara ba.

Hukuncin bai daɗe ba. Aka yi wa Gregory ritayar dole. Meshak kuma aka sallame shi nan take, ba fansho, ba komai, saboda ya san illar abin ya ci gaba, da kuma abin da ya yi a ƙofar ofis. Ba a kai shi kurkuku ba. Mutumin ofishin ayyuka da ya bar kwalbati a karye duk damina, ko kiransa ba a yi ba. Da kaftin ya ba da umarni, cikin mako guda aka gyara kwalbatin. Aka zuba wa tsibin magani, aka rufe shi da jar ƙasa, aka haƙa wa Gangare rijiya mai murfi. Cutar ta lafa da ɗaukewar ruwa. Daga hukuma babu wanda ya taka zuwa gidajen da aka yi rashi.

Meshak ya fito ya rame, ya yi watanni ba ya son fita. In yana tafiya ya ji gudu a bayansa, sai ya raɓe jikin bango. Lai'atu ta koma sayar da gwate, sannu a hankali masu saye suka dawo. Da kaka ta yi, wani ɗan kasuwar citta ya ba shi mota, ya koma irin aikin da ya fara da shi, yana bin ƙauyuka yana kawo buhuna tasha.

Sai bayan Kirsimeti ya iya zuwa Gangare. Lai'atu ce ta matsa masa, ta ƙulla masa acca a ƙyalle ya kai. Ya bi ta bayan gidaje don kada ya haɗu da kowa. Ya sami Mama Afiniki a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata gaisuwar Simon, ya fara cewa, "Mama, ban san da wane baki..."

Ta ce, "Zauna a kujera, ƙasa da sanyi." Ta karɓi accar ta ajiye. "Ban ce ba ka da laifi ba. Kana da naka, Ubangiji ya sani, kai ma ka sani. Abin da na gani kawai na faɗa." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "An ce kana da mota yanzu."

"Ta maigidana ce, Mama."

"Matar Simon za ta koma wurin iyayenta a Gidan Waya da yaran. Akwai keken ɗinkinsa da gado da akwati. Ba mu da mai kai mana."

Ranar Asabar ya zo da motar tun da safe. Wasu maza a unguwar suka tsaya daga nesa suna kallo, babu wanda ya gaishe shi, babu kuma wanda ya hana shi. Shi kaɗai ya ɗauki kan keken ya naɗe shi da buhu, ya ɗaure ƙafafun da igiya don kada su goge. Matar Simon ta shiga gaba da yaran, ba ta yi masa magana ba har suka isa. Da ya sauke kayan, ƙaramar cikin yaran ta yi barci a kan kujera, sai ya ɗauko ta ya miƙa wa kakarta.

Ya yi shekara biyu yana jigilar citta. Da ubansa ya rasu a 1978, ya kwashe iyalinsa suka koma Godogodo, ya karɓi gonar.